Yadda Fokko Ya Sayar Da Motar Matarsa

A ƙauyen Osterdiek, can bayan ganuwar teku inda tumaki suka fi mutane yawa, akwai wani bawan Allah mai suna Fokko Tammen, wanda 'yan garinsu suka daɗe suna zalunta: sun ƙi yarda cewa ya fi su wayo. Shekara ashirin da shida ya yi yana duba tikiti a jirgin ruwan da ke kai baƙi tsibiri, shi ya sa suke masa tsiya da sunan Kyaftin, shi kuwa yana amsawa da zuciya ɗaya. A faɗarsa, ba a haifi wanda ya taɓa wucewa ta gabansa ba tikiti ba. Masu baƙin ciki sukan ce ai wanda ya wuce ɗin ba dawowa yake ya ba shi labari ba. To, haka mutanen Osterdiek suke, ba a iya musu.

Maganar ta faro ne daga gwiwar matarsa Okka. Likita ya hana ta taka kuloci, sai ta sayi wata 'yar ƙaramar mota mai canza giya da kanta. Tsohuwar motarta, shuɗiya mai dogon baya, wadda ta shekara tara tana lallaɓawa kamar jaririya, ta tsaya a ƙofar gida ba aiki. Wan Okka, wato Ubbo mai gareji a bakin babban titi, ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya ɗan shuri taya, ya ce zai ba da Yuro dubu shida.

Fokko ya ajiye jarida. "Suruki, kuɗin tayoyin ke nan, ko har da motar?"

"Har da tabarmar ƙafa, Kyaftin."

"Dubu tara zan sayar da ita a intanet, kana kallo."

Ubbo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai? A intanet? Wallahi kwana uku ba za ka yi ba 'yan damfara za su wanke ka tas, su shanya ka a igiya."

"Ni za a damfara? Ni da nake gane maƙaryaci tun daga yadda yake hawa matakalar jirgi?"

Okka ta raba gardamar, don ita ce mai mota. Ta ce ta ba shi zuwa Asabar ta sama, ranar da ƙauye ke fita wasan bosel, wato gasar jifan ƙwallo a kan titi. In rana ta faɗi bai sayar ba, motar ta zama ta Yaya Ubbo a kan dubu shida, kuma Fokko ne zai wanke masa ita da hannunsa, a gaban gareji, inda duk mai wucewa zai gani.

Fokko ya ce ya ji ya yarda, har ma kwanakin sun yi yawa.

Aikin farko shi ne hoto. Ɗan koyo ne ke ɗaukar hoton mota a ƙofar gidansa, 'yan damfara su gane tagar ɗakin kwanansa. Don haka Fokko ya tuƙa ta zuwa kan ganuwar teku, ya rufe lambarta da tsumman goge kwanon Okka, ya ja da baya ya saita waya. Kafin ya gama saitawa tumaki sun kewaye motar. Hoto biyar ya ɗauka, huɗu tumaki ne, na biyar kuma madubin gefe ne da kunnen tunkiya. A ƙarƙashinsu ya rubuta: "Mota ta sayarwa. Ɗan damfara, na gan ka. Mai ceki, na gan ka. Mai turo ɗan aike, kai ma na gan ka." Bai faɗi launinta ba, bai faɗi shekarunta ba, saboda ba a ba abokin gaba bayani.

Saƙon farko da ya shigo cewa ya yi, "Nawa ne tunkiyar hagu?"

Okka ta ƙwace wayar ta gyara tallar da kanta.

Ran Talata sai ga kamu. Wani ya rubuto cewa shi injiniya ne a tsakiyar teku, wurin haƙar mai, ba shi da damar zuwa, amma yana son motar ko bai gan ta ba. Zai turo kamfanin jigila, sai dai Fokko ya fara biya wa kamfanin kuɗin hanya. Fokko ya yi tsalle kujera ta faɗi. Ya rubuta masa nasiha shafi uku, ya buga saƙon a takarda, ya kai ɗakin ƙungiyar ƙauye ya manna a bango kusa da kofunan gasa, ya tsaya a gefe yana jiran tambayoyi.

Maƙwabciyarsu Gesche, wata dattijuwa da ba abin da ke wucewa ta titinsu ba ta gani ta bayan labule ba, ta sa tabarau ta karanta.

"Au, wannan injiniyan? Ai ni ma ya rubuto min bara. Kuma ni keke nake sayarwa."

"Amma ni a layi na biyu na gano shi, Gesche."

"Ni a na farko. Har yanzu dai bai sauko daga tekun ba, bawan Allah."

Ka ji irin mutanen da Fokko ke zaune da su.

Da ya koma gida ya bayyana wa Okka babban makaminsa. Ya ce takarda ana yin ta jabu, kuɗi ana yin na jabu, hoton banki a waya ma ana yin na jabu. Abu ɗaya ne ba a iya yin na jabu: shan shayi. Duk ɗan halak a ƙasar nan ya san dunƙulen sukari ake fara sakawa a kofi, a zuba shayi a kai ya yi ƙas, a ɗiga madara mai kauri ta gefe ta taso kamar gajimare, sannan a sha a haka, ba juyawa. Kofi uku, ba ragi. In an ƙoshi a sa cokali cikin kofi, shi ke nan an yi magana.

"Wanda ya juya shayi," in ji Fokko, "zai juya magana."

"Fokko, mota za ka sayar, ba 'yarka za ka aurar ba."

Ran Laraba wata nas ta zo, 'yar kudu, sunanta Resi, sabon zuwa asibitin birni. Ta duba motar ciki da waje, ta so ta, ba ta nemi ragin ko sisi ba. Ta ce don hankalin kowa ya kwanta su tafi banki tare, a sa kuɗin a asusun Okka a gabansu, sannan ta karɓi makulli. Okka ta fara neman jakarta.

Fokko ya lumshe ido ɗaya. "Banki. Wane bankin?"

"Duk wanda ka zaɓa, Baba."

"Wato a kowanne kina da mutum ke nan."

"Ban gane ba."

"Za ki gane. Bismillah, shigo ki sha shayi."

Yarinya ta zauna, aka zuba mata. Ta ce kai, wannan abu da kyau yake, kamar fure. Sai ta ɗauki cokali ta tsoma ta hau juyawa, ƙalan-ƙalan-ƙalan, har da ɗan kaɗa shi a bakin kofi. Fokko ya miƙe a hankali, ya je ya buɗe ƙofa ya riƙe.

"Ki gaida waɗanda suka turo ki."

Okka ta bi ta har bakin titi tana ba ta haƙuri. Daren nan dankali ya ci ba miya.

Ran Alhamis sai ga wani siririn mutum mai tabarau, Malam Eggers, yana ta jan hanci saboda mura. Ya nemi a buɗe masa bonet. Nan Fokko ya tsargu, domin ya karanta labarin masu zuwa su ɗiga baƙin mai a tankin ruwa da dabara, sannan su ce injin ya ƙone, a sayar musu da arha. Ya buɗe masa, ya ja da baya kamar ba ruwansa, ya laluba tiyon ban ruwan furanni ya riƙe a bayansa.

Malam Eggers ya sunkuya kan injin. Ya sa hannu a aljihu. Ya zaro wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa.

"Na kama ka!"

Ruwan watan Fabrairu ne, wanda ya kwana a tiyo. Ya same shi a ƙeya, ya bi ta wuyan riga, ya cire masa tabarau. Mutumin ya yi wata ƙara da ta tashi tsuntsayen unguwa. Kwalbar ta gangara ta tsaya a ƙafar Fokko. Maganin ɗigawa a hanci ne.

Gesche ta banko taga. "Fokko Tammen! Ka san wa ka jiƙa? Sabon makaɗin cocinmu ne! Shekara biyu muna roƙon a samo mana shi, muna waƙa ba kiɗa kamar kwaɗi!"

"Wa ya ce ya ɗiga magani a kan injin mutane?"

"A hancinsa zai ɗiga, shashasha!"

Malam Eggers ya tsinci tabarau, ya ce zai sake tunani a kan ƙauyen baki ɗaya, ya tafi yana tsiyaya. Fokko ya naɗe tiyonsa yana girgiza kai. Abin da ya fi ba shi takaici, mutumin bai ma kai matakin shayi ba.

Ran Juma'a Ubbo ya biyo ta gidan. Bai sauko daga motarsa ba, ya dai miƙo bokiti da soso ta taga ya ajiye a bakin ƙofa, ya danna hon sau biyu ya wuce. Fokko ya tsaya yana kallon bokitin nan har shayinsa ya huce. Saura kwana ɗaya, kuma duk duniya babu mutumin kirki ko guda.

Da yamma waya ta yi ƙara, wani ne mai son zuwa ganin motar gobe.

Ran Asabar da hantsi, bayan Okka ta ja kurar abinci ta bi 'yan wasa, wani dattijo ya sauko daga bas. Furfura fes, hular ma'aikatan jirgi, takalmi a goge. Ya yi gaisuwar yankin, "Moin", sau ɗaya tak, ba irin 'yan birni masu surutu da ke ninka ta ba. Ya ce sunansa Harm Poppinga.

"Kafin na zauna, Malam Fokko, ka gafarce ni. Ina so na ga katinka na ɗan ƙasa da takardar mallakar motar. Duniya ta lalace. Ina na sani ko motar sata ce?"

Saura kaɗan Fokko ya yi hawaye. Kwana goma yana zargin mutane, sai yau ya sami wanda ya san darajar zargi. Ya kawo takardu da rawar jiki. Harm ya ɗaga su a haske, ya gwada lambar da ke jiki da wadda ke jikin mota, harafi bayan harafi. Suka zauna suna ba juna labarin 'yan damfara kamar tsofaffin sojoji: mai ceki, mai kamfanin jigila, mai 'yar kwalba.

"Akwai sabuwa ma," in ji Harm. "Kana fita gwajin mota da ɗaya, abokinsa ya shiga gida ya kwashe takardar mallaka da makulli na biyu. Shi ya sa masu hankali a jikinsu suke fita da su."

"Ai ni kullum haka nake yi," in ji Fokko, wanda bai taɓa jin wannan ba. Ya faki ido ya zura takardar da makullin a aljihun rigar sanyinsa.

Sai shayi. Fokko ya zuba yana riƙe numfashi. Sukari ya yi ƙas, Harm ya ɗan karkata kunne ya gyaɗa kai. Madara ta taso, ya tsaya ya kalle ta. Ya sha, bai ko kalli cokali ba. Na biyu haka. Na uku haka. Sannan ya ɗauki cokali da yatsa biyu ya kwantar da shi cikin kofi, ya ce, "Dubu tara ka ce? Ban ga abin ragewa ba." Ya zaro lasisinsa na tuƙi ya miƙa.

Fokko ya ture hannunsa. "Haba, ɗan uwa, kada ka zage ni a gidana. Na riga na ga takardunka."

Suka fita gwaji. Harm na tuƙi da hannu biyu, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Hanyoyi uku ne ke fita daga Osterdiek, amma Fokko ya ce a bi ta bakin magudanar ruwa, wai ta fi santsi. Masu baƙin ciki sun ce don ya san nan 'yan bosel suke. To, in ma haka ne, laifi ne mutum ya gaisa da 'yan garinsu?

Ga su kuwa sun cika titi, kusan mutum ashirin, ɓangare biyu, kowa na jefa ƙwallon katako a kan kwalta don a ga wanda nasa zai fi nisa. Okka na riƙe da kura cike da burodi da kwalabe. Fokko ya hango Ubbo a cikinsu, ya sauke gilashi ya sa gwiwar hannu a taga.

"Suruki! In ka tashi ka biya ta gida ka ɗauke bokitinka. Dubu tara, ba ragi. Ga mai saye nan, ɗan asali."

Ubbo ya leƙa. Harm ya taɓa hula. Ubbo ya ja da baya yana sosa ƙeya.

Gesche ce ta ɓata lamarin. "To Kyaftin, tunda ka yi nasara, sauko ka jefa mana ɗaya. Ana cin mu."

"Ku bar shi," in ji Ubbo, ya samu ta cewa. "Bayansa ba zai ɗauka ba. Bakin ne kawai ya rage."

"Ni? Ni da na taɓa jefawa daga gada har gidan madara?"

"A mafarki?"

"A gaban shaidu!"

"Duk sun mutu ko?"

Dariya ta kaure. Fokko ya kama marfin mota, sai ya tuna babbar dokarsa: mai mota ba ya sauka ya bar baƙo da makulli a jiki. Ya saki marfin. Harm ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma yadda na kusa za su ji.

"Malam Fokko, ni dai ba zan zauna a yi min haka a gaban baƙo ba. Je ka nuna musu. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, bari na kashe na ba ka makullin ka tafi da shi."

Fokko ya buɗe ƙofa ya fito ya ɗaga hannu. "Jama'a, kun ji? Da kansa yake ba ni makulli! Irin mutanen da nake hulɗa da su ke nan. Bar shi a jiki, ɗan uwa, kada injin ya huce."

Ba a jifa da rigar sanyi, kowa ya sani. Ya cire ta, ya ninke, ya ajiye a kan kujera. Ya karɓi ƙwallo, ya auna shi a tafi, ya dubi titi, sai ya ga motar ta tare masa hanya.

"Ku ba shi wuri ya matsa gaba! Gesche, janye ƙafarki. Okka, kurar nan gefe."

Harm ya leƙo. "Har ina zan matsa?"

"Ka yi ta tafiya har inda ka ga jifana ba zai same ka ba."

Jama'a suka dare. Motar ta silala, ta yi taku ɗari, ta tsaya. Fokko ya yi tsaki, ya kaɗa hannu. "Ƙara gaba! Raina ni ka yi?" Ta ƙara, ta tsaya a kan gada. "Ƙara!" Fokko na kaɗa hannu biyu yanzu, yana waigen Ubbo. Motar ta tsallake gada, ta kunna sigina yadda doka ta ce, ta sha kwanar gidan madara.

Fokko ya ja da baya taku goma. Ya rugo, ya wulwula hannu, ya saki. Ƙwallon ya bugi kwalta, ya yi tsalle biyu, ya karkata hagu, ya faɗa magudana, tsulum. Gesche ta auna da ƙafa: taku shida.

"Iska ce," in ji Fokko.

Ba wanda ya yi dariya, domin duk idanu na can kwanar gidan madara. Minti biyu. Minti biyar. Wata motar noma ta fito daga kwanar, kowa ya miƙa wuya, ta zo ta wuce.

"Fokko," in ji Okka, "ina motata?"

"Yana neman wurin juyawa. Titin nan siriri ne."

"Kira shi."

Fokko ya shafa ƙirji. Ya shafa cinya. Wayar tana cikin rigar sanyi.

"Takardar mallaka dai tana gida ko?" in ji Ubbo. "In tana gida da sauƙi, ba zai iya sayarwa ba."

Fokko ya dubi sama.

"Makulli na biyu fa?"

Fokko ya dubi tumaki.

"Lasisinsa ka gani? Lambar wayarsa? Garinsu?"

"Suruki, kofi uku ya sha. Bai juya ba ko sau ɗaya."

Nan fa Osterdiek ta fashe. Wani ya zauna a kan kwalta yana dukan ƙasa. Gesche ta riƙe kura don kada ta faɗi, tana cewa a taimake ta, haƙoranta za su zubo. Ubbo ya kira 'yan sanda, amma sai da ya kashe ya sake kira, don ya kasa magana. Da 'yar sandar ta tambaya ta waya ko ƙwace motar aka yi da ƙarfi, sai ya ce a'a, ranki ya daɗe, mijin mai ita ne ya kore ta, sau uku, da hannu biyu, akwai shaidu ashirin kuma duk suna raye.

Okka ba ta yi dariya ba. Ta zaro doguwar sandar nan mai kwando a baki da ake ciro ƙwallo da ita, ta dube ta, ta mayar cikin kura.

"Shiga ka ciro wa mutane ƙwallonsu. Da hannu."

Haka Fokko Tammen ya tsunduma cikin magudana har gwiwa, da 'yar shara a jikinsa a tsakiyar Fabrairu, yana lalube cikin taɓo, ƙauye guda na tsaye a kansa suna nuna masa hagu da dama.

Motar dai har yau ba a gan ta ba. Amma kada wanda ya kuskura ya ce wa Fokko damfararsa aka yi, don zai tsayar da kai a titi ya warware maka komai. Shi bai ga sata a nan ba. An ce wa mutum ya yi ta tafiya har inda jifa ba zai same shi ba, kuma Harm Poppinga mutum ne mai ido, kallo ɗaya ya yi wa damtsen Fokko ya san abin da ke ciki. In har yanzu bai tsaya ba, ai ba laifinsa ba ne.